Kyandir Arba'in na Inna

Yau kwana tara da aka rufe Inna, uwar mijina, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarmar karɓar gaisuwa sai in ji kamar an zuba mini ƙaiƙayi. In tashi in leƙa madafa, in dawo, in sake tashi in gyara murfin randa wanda babu abin da ya same shi. Ƙanwar mijina ta gaji da ni har ta ce, "Ke dai ki zamna, mutane na kallonki." Na zauna. Kafin a shafa fatiha biyu na sake miƙewa.

Mutane sun zo, ba laifi. Sun zo daga Cadawa da ke nan kusa da ƙauyenmu, sun zo daga Agye, har da danginta na wajen Tibiri da suka kwana a hanya. Maza a zaure maganarsu ɗaya ce: tsohuwa ta sha miya, ta cika da kalmar shahada, sai haƙuri. Mata ne suka san wadda aka rasa. Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah shi jiƙanta, amma bakin nan nata ya hi barkono," aka yi dariya, sai kuma ita mai maganar ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka. Wata ta ce, "Ni ta taɓa korata daga ɗakin ɗiyata, ɗiyar da na haifa da cikina, wai don na shiga da hitila." Akwai kuma wata tsohuwar Bafillatana, ƙawar Inna, da ta zauna a bakin tabarma tun hantsi har la'asar ba ta taɓa abinci ba. Da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce da Hausarta mai karyewa, "Yanzu ba mai tambaya na kaki."

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda kowa ke cewa "mai kyandir ta tafi", kamar wani wasan tsufa ne take yi don kashe lokaci. Nan da damina biyu sai a manta. Ni kuwa na yi shekara huɗu a lakol, wato makarantar boko, a Gazawa kafin a yi mini aure, na iya riƙe alƙalami, kuma akwai abin da na sani wanda masu gaisuwar nan ba su sani ba. Shi ya sa nake rubutawa.

Inna gajera ce, siririya, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Hannuwanta kullum ƙanshin zuma suke, har ƙudan zuma kan biyo ta cikin gida, yara su watse, ita ko ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Tun ranar da aka kawo ni ta raɗa mini suna Madamu saboda lakol ɗin nan, kuma ba ta taɓa faɗinsa ba tare da ɗan murmushin da ke ƙona mini rai ba. Ubanta maƙerin farfaru ne a ƙasar Gobir, da kakin zuma yake siffanta mundaye kafin ya yi zubi. A gindin maƙerarsa ta fara naɗa ragowar kaki a jikin zare tana kunnawa, tun tana yarinya.

Mazan gidanmu suna rataya amya a bisa itatuwa. In sun ɗebo, su matse zuma su yar da saƙar, ita kuma ta bi ta tsince tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta dafa saƙar cikin ruwa, ta tace da tsohon ƙyalle, ta bar shi ya huce. Kakin ya taso sama ya daskare, ta kankare dattin da ke ƙasansa. In za ta sake narka shi ba ta yarda ya ga wuta ido da ido ba, sai dai ƙaramar tukunya cikin babbar tukunyar ruwan zafi. Lagwanin kuwa abawa ce da ta kaɗa da kanta, ta murɗe sili uku. Ta ɗaura su a jikin sanda, ta tsoma, ta ɗaga, ta jira, ta sake tsomawa, har su yi kaurin karan dawa. Wanda duk ya yi mata magana a lokacin tsomi, amsar ɗaya ce: "Ka ga bakina na aiki?"

Ba ta yar da ko ɗigo. Abin da ya zuba a kasko ta tara shi. Da shi take shafa wa masu faso a diddige, da shi take liƙe ƙwaryar da ta tsage, baduku ma nan yake zuwa neman na shafa wa zarensa. Amma babban aikin kyandir ɗinta a ɗakin masu jego yake. Ta ce fitilar kananzir da aci-balbal suna cika ɗaki da hayaƙi, babba ma ya tashi da baƙin hanci balle jariri. Nata kuwa haskensa a kwance yake, ba ya sa ido ruwa, kuma guda ɗaya in an iya tattalinsa sai ya kai yini da kwana. Duk macen da ta yi ciki a unguwarmu, Inna kan tanadar mata arba'in, ɗaya don kowace rana ta jego.

Faɗa kam ta iya shi. Shekarar da gyaɗa ta yi daraja, ƙanen mijinta ya sare wata ƙirya mai amya uku don ya faɗaɗa gona. Inna ba ta ɗaga murya ba. Damina guda cur tana aika masa tuwo ba miya. Da ya aiko a tambayi dalili ta ce, "Ku ce mishi shi kwaɓa gyaɗa shi ci da ita." Sai da ya saƙa sababbin amya ya rataya da hannunsa kafin ya sake ganin kuka a kan tuwonsa.

Ɗana na fari a Gazawa na haife shi, gidan iyayena, yadda aka saba. Kwana goma sha ɗaya ya yi, tari ya kama shi, ya koma. Da na dawo Inna ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Da mi anka haska ɗakin?" Na ce fitila, da wutar itace a ƙarƙashin gado. Ta gyaɗa kai kawai. Na ji haushin tambayar nan ƙwarai, don gani nake uwata take ɗora wa laifi, kuma na daɗe ina riƙe da ita a zuciya.

Ciki na biyu ya zo a shekarar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Kowa na jin kansa sabo. Mijina ya sayar da gyaɗa ya yi mini ɗaki mai rufin kwano, na farko a ƙauyen, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. Ni ma na ɗauki kaina na ɗora a inda Allah bai kai ni ba. Inna ta ce wannan karon a gabanta zan haihu. Tun ranar da ta ga ina toshe hanci in an buɗe daddawa ta fara tara kaki. Kafin sanyi ya wuce ta gama arba'in, ta jera su a tukunya, ta liƙe bakin da laka, ta binne ta har wuya a cikin yashin nan mai laima da ke ƙarƙashin randa. Ta ce, "Kada kowa shi taɓa."

A lakol an koya mana cewa laima ita ce uwar cuta. Kullum na zo ɗiban ruwa na ga tukunyar nan cikin jiƙaƙƙen yashi sai raina ya ɓaci: abin da za a kai kusa da jaririna ke nan? Wata ranar kasuwar Cadawa, da bazara ta fara zafi, Inna ta tafi sayen gishiri. Na fasa lakar. Ai kuwa sai na ga wani farin gari-gari ya rufe jikin kyandir ɗin duka. Na ce to, ga fumfuna, dama na faɗa. Na goge su tas, na naɗe su cikin zannuwan aurena, na shimfiɗa a akwatina na ƙarfe a ɗakin kwano, inda babu laima ko kaɗan. Sannan na kwaɓa laka na mayar da bakin tukunya, har da shafa toka don kada ta yi kama da sabuwa. Wannan tokar ita ce shaidar cewa na san ba daidai nake yi ba.

Bayan mako uku, ina daka da hantsi, naƙuda ta zo mini a wata na bakwai. 'Ya mace ce, bakwaini, duk jikinta bai cika tafin hannu biyu ba. Ba ta yi kuka ba, sai wani ɗan sauti kamar na 'yar kyanwa. Inna ta ce ɗakin kwano zai gasa ta, aka kai mu ɗakinta na ciyawa. Ta shimfiɗa auduga a cikin ƙwarya ta kwantar da ita, ta saki asabari ta ƙara zane a kai don kada iskar bazara ta taɓa ta. Ɗaki ya yi duhu da rana tsaka. Ina kwance na ji ta a gindin randa tana ƙwanƙwasa laka. Daga nan ban ƙara jin komai ba.

Ta ɗaga asabari ta ce, "Madamu, ina kayana?"

Na ce, "Suna akwatina, Inna. Fumfuna na gani a jikinsu."

Ƙanwar mijina ce ta ba ni labarin abin da aka tarar. Zafin kwano da na ƙarfen akwati sun haɗu, kyandir arba'in sun narke sun zama curi guda, sun shige cikin zannuwa biyar, lagwani ya cakuɗe a ciki. Na rufe ido ina jiran bakin nan da kowa ke tsoro. Ta dawo ta tsuguna kusa da ni ta ce, "Wancan harin abin ba humhuna ba ne. Kakin da ba a gauraya da komi ba shi ka yin shi, da yatsa aka goge shi." Na fara kuka. Ta ce, "Bari wanga. Nono nika biɗa gare ki, ba hawaye ba."

A ranar ta ɗora babbar tukunya ta dafa zannuwan aurena ɗaya bayan ɗaya. Kakin ya taso, ta kwashe. Rinin ya zuba, kyandir ɗin da suka fito suka yi wani shuɗi-shuɗi, kuma ba su kai rabin na da ba. Uwata ta iso daga Gazawa a kwana na uku ta tarar da zannuwan da ta yi shekaru tana tara mini a kan igiya, sun koɗe kamar tsumma. Ta sa salati, ta ce wane marar imani ne ya yi wannan? Inna ta ce, "Ni na dahwa su. In da magana, ga ni." Suka yi ta har maƙwabta suka shigo. Uwata ta kira ta abin da ba zan rubuta ba. Inna ta rama daidai gwargwado, amma ko sau ɗaya ba ta faɗi yadda kaki ya shiga akwati ba. Ni kuwa ina ciki ina jin su, na ja bakina na yi shiru.

Yarinyar ba ta da ƙarfin kama nono. Sai in tatsa a ludayi, a tsoma 'yar auduga, a ɗiga mata a baki ɗigo-ɗigo, ana kallon maƙogwaronta. In ta haɗiye a ƙara, in ba ta haɗiye ba a dakata, don ɗigo ɗaya na iya shaƙe ta. Aikin nan ba ya yiwuwa sai da haske, kuma sau da yawa ake yin sa a yini. A nan na koyi tattalin kyandir. A kafa shi a kasko mai yashi, nesa da audugar da hannu guda. A datse lagwani kafin a kunna, kada ya wuce tsawon ƙwayar wake, in ba haka ba ya yi harshe ya cinye kansa. A kare shi daga iska don kada ya zuba ta gefe ɗaya. In an gama ba a hurawa, sai a jiƙa yatsu a matse. Garwashin gasa jiki ma a waje Inna ke sa a hura shi, sai hayaƙinsa ya mutu sannan a shigo da shi.

Mijina ya zagaye kasuwar Cadawa neman kaki bai samu ba, masu saye don kantunan Maraɗi sun kwashe tun bayan kaka. Ya dawo da buji, farin kyandir na kanti, yana murna. Inna ta kunna ɗaya a tsakar gida, ta kifa farar tasa a samansa na ɗan lokaci, ta juyo masa da ita. Tsakiyar ta yi baƙi. Ta ce, "Wanga kaka so ta shaƙa?" Ya kwashe kayansa ya kai wa liman.

A kwana na goma sha shida, bayan sallar asuba, ta ɗaura zane ta ɗauki sanda. Ta ce ƙawarta Bafillatana tana ajiye mata saƙar zuma duk shekara, kuma da bazara rugarsu na wajen rijiyoyin Sae Sabuwa. Mijina ya ce shi zai je, ta ce ba za su ba namijin da ba su sani ba. Ya ce to ta hau jaki, ta ce jaki na karya mata ƙugu. Ta bar mini kyandir uku ta ce kwana biyu za ta yi.

Kwana biyu suka wuce, uku, huɗu. Mijina ya ari keke ya bi sawunta, ya tarar da kufai, rugar ta tashi. Ni kuwa ina ta tsimi, in kunna in ɗiga in kashe, har na kai ga guntun da ba ya tsayuwa a yashi. A rana ta biyar ya ƙare. Uwata ta ce ita ba za ta zuba ido jikarta ta mutu da yunwa saboda taurin kan wata tsohuwa ba, ta kunna fitilar kananzir ta shigo da ita. Ban hana ta ba, don ni ma na rasa yadda zan yi. Kafin azahar numfashin yarinyar ya fara fito da wata 'yar ƙara. Na san ƙarar nan. Ita na ji a Gazawa.

Na ce, "Iya, kashe ta."

Ta ce, "Ke, da ni kike?"

Na ce, "Ki kashe ta, ko ki hita da ita!"

Ban taɓa ɗaga wa uwata murya ba sai ranar. Ta ɗauki fitilarta ta fita, na ji ta tana kuka a bayan ɗaki. Daga nan sai na koma ɗiga nono da lalube, yatsana ɗaya a kan maƙogwaron yarinyar ina jin ko ya motsa. Sau biyu ta shaƙe, jikinta ya saki a hannuna, na kifa ta ina shafa bayanta ina kiran sunan Allah har ta dawo. Tsoron da na ji a wannan yinin ban taɓa jin irinsa ba, kuma duk tsawonsa na san ni na jawo.

Da la'asar ta rana ta shida muka ji hayaniya a ƙofar gida. Inna ce a kan takarkari, ƙawarta na jan igiya. Ashe rugar ta ƙara gaba wajen Cadakori, ta bi su a ƙasa, a hanya ƙayar aduwa ta shige mata diddige ta karye a ciki. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, an naɗe ta da tsumma. A cinyarta ga curin kaki kamar kabewa. Aka sauko da ita, ba ta ko sha ruwa ba ta ce, "Tana nan?" Na ce tana nan. Ta ce, "To a ɗora ruwa."

Ba ta iya tsayuwa, sai aka kifa mata turmi a ƙofar ɗaki ta zauna ta miƙe ƙafar. Zazzaɓi ya ci ƙarfinta, ta tsoma sau biyu sandar ta kusa suɓuce mata. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Taho ki riƙe, Madamu. Lakol ta buɗe." Ni na tsoma kyandir ɗin da suka kai mu ƙarshen jego, tana zaune tana kushe kowanne. Uwata ce ke hura wutar, su biyun ba mai ce wa wani uffan, amma da dare ya yi ita ta dafa ruwan gasa ƙafar.

Ranar arba'in da safe Inna ta ce a ɗaga asabari. Aka miƙa mata yarinyar a inuwar ƙofa. Haske ya bugi idonta, ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, sannan ta buɗe baki ta tsala kukan da har zaure aka ji. Uwata ta rangaɗa guɗa. Inna ta ce, "Ku kashe wancan na ciki, kuna ɓata mini kaki."

Ƙafar ba ta warke ba. Wanzami ya tsaga sau biyu bai samu kan ƙayar ba, wurin ya zama gyambo. Damina biyar tana jan ta. An kai ta Maraɗi, likita ya ce sai an yanke, ta ce da ƙafarta biyu ta zo duniya. Duk wanda ya tambaye ta yadda aka yi sai ta ce wajen itace ta taka ƙaya, kuma haka mutanen garin nan suka sani har yau. Ciwon nan ne ya hau jikinta a bana ya kwantar da ita.

Kwana uku kafin ta cika, da yamma, ina wanke mata ƙafar, na kasa daurewa. Na ce, "Inna, ki yafe mini. Da ban taɓa tukunyar nan ba, da ba ki yi tafiyar ba."

Ta ce, "Yi shiru in ji."

Na yi shiru. A waje 'yar tawa ce ke rigima da sa'o'inta a kan goriba, tana ihu har muryarta ta danne ta kowa, kaji na watsewa. Inna ta rufe ido tana saurare, ta daɗe, bakinta na motsi kamar mai shan abu mai daɗi.

Ta ce, "Kin ji huhu? Ƙahwa guda a kan wagga murya, wallahi an yi mini rangwame."

Ya Allah, ga baiwarka nan ta iso gare Ka da ɗingishi. Ka yafe mata kaifin bakinta, Ka sanyaya mata ƙasa, Ka kunna mata haske a makwancinta irin wanda ba ya hayaƙi.